Ban-ruwan filin golf a Abuja: yadda tsarin ke tsufa da yadda ake sabunta shi

Filin golf na IBB da ke Maitama a Abuja, wanda aka sa wa sunan tsohon shugaban mulkin soja Janar Ibrahim Badamasi Babangida, an buɗe shi ne a 1991, shekarar da fadar gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a sabon babban birni. Yana da ramuka 18 a kan fili mai faɗin kimanin hekta 100, kusa da Dutsen Aso, da tafkuna da ƙoramu da gadoji a cikinsa. Kadarar gwamnati ce. An ƙara tabbatar da hakan a 2025, lokacin da Ministan Babban Birnin Tarayya, Nyesom Wike, ya shiga tsakani a wata taƙaddama kan shugabancin kulob ɗin, aka kafa kwamitin amintattu a ƙarƙashin Shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, Mai Shari'a Monica Dongban-Mensem.

Idan ana maganar gyaran irin wannan wuri, hankali ya fi karkata ga abin da ido ke gani, wato gini da rufi da ɗakin taro. Amma abin da ke riƙe da filin golf yana binne ne a ƙarƙashin ƙasa: bututai masu tsawon kilomitoci, da wayoyin lantarki, da ɗaruruwan kawunan feshi da ke ɓullowa cikin dare su shayar da ciyawa su koma. Duk filin da ya haura shekara 30 ya shiga lokacin da masana ke cewa waɗannan kaya sun ci ƙarfinsu. Tun da kuɗin gyaran wurin gwamnati daga baitulmali yake fitowa, ruwan da ake fesawa kuma na yankin da jama'a ke sha ne, batun ya shafi har waɗanda ba su taɓa riƙe sandar golf ba.

Ruwa nawa ciyawa ke sha

Damina a Abuja tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a shekara yakan wuce milimita 1,100, wani lokaci ya doshi 1,600. A waɗannan watanni damuwar mai kula da fili ita ce yadda ruwa zai fita. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa sama takan ɗauke kusan gaba ɗaya. Iskar hunturu ta busar da ƙasa, sannan zafin bazara ya biyo baya, ciyawar bakin titi ta zama ingirici.

Ana auna ƙishin ciyawa da milimita, kamar yadda ake auna ruwan sama. Milimita 1 a kan hekta 1 daidai yake da lita 10,000. A ranar rani mai zafi da iska, ƙasa da ciyawa na iya asarar milimita 5 ko fiye. A ɗauki misalin filin da ke shayar da hekta 30 kawai daga cikin faɗinsa. Mayar da milimita 5 ɗin nan zai ci lita miliyan 1.5 a dare guda, wato jarka 60,000 ta lita 25 irin wadda masu kura ke turawa a unguwannin bayan gari. Idan aka ba kowane mutum lita 50 a yini, ruwan mutum 30,000 ke nan. A ranakun rani 150 jimillar za ta kai lita miliyan 225. Wannan lissafin fili ne mai lafiya wanda ba ya yoyo. Tsohon tsari yakan ci fiye da haka kafin ya ba da sakamako iri ɗaya.

Magabata a Arewa sun san wannan nauyi, shi ya sa suka kauce masa. A tsofaffin filayen golf na zamanin Turawa, irin na Rayfield da ke Jos wanda ke ɗauke da shekarar 1913 a sunansa, an daɗe ana yin farfajiyar rami da yashi da aka cuɗa da mai, a daddaɓe, a riƙa share shi kafin bugu. Ba ya buƙatar ko ɗigon ruwa. Koriyar farfajiya, wadda 'yan wasa ke kira girin, ita ce ta zo da bututu da inji da kuɗin wuta.

Sassan tsarin da shekarunsu

Tsarin yana farawa daga matattarar ruwa, galibi tafki ko madatsa a cikin filin. Daga nan injinan tura ruwa su ja shi ta cikin matata su cusa a babban bututu, babban ya raba wa ƙanana, ƙananan su kai wa kawunan feshi. Kan feshi na filin golf yana jefa ruwa nisan mita 20 ko fiye, kuma yana son matsi mai ƙarfi, kwatankwacin na ruwan da ya sauko daga tanki mai tsayin mita 50 zuwa 70. A gindin kowane kai, ko kowane rukuni na kawuna, akwai bawul da ɗan maganaɗisun lantarki ke buɗewa idan umarni ya zo ta waya daga akwatin sarrafawa ko daga kwamfutar ofis. Toro da Rain Bird da Hunter, duk na Amurka, su ne kamfanonin da suka mamaye kasuwar waɗannan kaya a duniya.

Ƙungiyar masu zana filayen golf ta Amurka tana da jadawalin da ake yawan kafa hujja da shi. A ƙiyasinta, bututun roba na PVC da ke ɗauke da matsi yakan yi shekara 10 zuwa 30, tashar injinan tura ruwa 15 zuwa 20, na'urorin sarrafawa kuma 10 zuwa 15. Ke nan duk filin da aka gina a farkon shekarun 1990 ya kamata a ce ya sake injina sau ɗaya ko biyu, bututansa na asali kuma, idan suna nan, sun kai ƙarshen wa'adinsu.

Bututun PVC ba ya tsatsa, amma yana gajiya. Duk lokacin da inji ya tashi farat ɗaya, ko bawul ya rufe da sauri, ruwan da ke gudu yakan bugi bangon bututun kamar an sa guduma. Bugu ɗaya ba ya yin komai. Dubbai a cikin shekaru su ne ke tsaga mahaɗa da lanƙwasa, musamman inda aka haɗa da gam. Shi ya sa injiniyoyi ke kiyaye kada gudun ruwa a cikin irin wannan bututu ya wuce mita 1.5 a daƙiƙa. Inda wuta ke yawan ɗaukewa tana dawowa, ko ake sauyawa daga layin kamfanin rarraba wuta zuwa janareta a tsakiyar ban-ruwa, injinan sukan mutu su tashi sau da yawa fiye da yadda aka tsara, kuma bututun ne ke biyan farashi.

Yanayin Abuja yana da nasa ƙarin. Ruwan farkon damina yakan kwaso jar ƙasa da yashi daga tuddai da wuraren gine-gine ya zuba a tafki, tafkin ya cike sannu a hankali, ruwan da yake iya riƙewa ya ragu ba tare da an lura ba. Yashin da ya tsere wa matata yana cinye fukafukan inji, yana faɗaɗa bakin kan feshi, yana maƙalewa a bawul ya hana shi rufewa. Ga kuma tsawa, wadda ta fi tsanani a farko da ƙarshen damina. Waya mai tsawon kilomitoci a shimfiɗe a buɗaɗɗen fili tana jan wutar aradu, faɗuwa ɗaya kusa da ita na iya ƙona akwatin sarrafawa da maganaɗisai masu yawa. Sandunan tagulla da ake kafawa don su kai wannan wuta ƙasa suna lalacewa, kuma busasshiyar ƙasar rani ba ta karɓar wuta kamar jiƙaƙƙiya, don haka sai ana gwada su duk shekara. Saiwoyin bishiyoyin da aka dasa suna ƙanana a shekarun buɗe fili yanzu sun yi kauri, suna ɗaga bututu suna matse waya.

Akwai wani tsufa da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Kan feshi da aka dasa daidai da fuskar ƙasa yakan nitse ko ya karkace bayan shekaru na wucewar injin yankan ciyawa da zuba yashi. Idan ya nitse, ciyawar da ke kewaye ta tare ruwan. Idan wani ya lalace aka maye shi da duk wanda aka samu a kasuwa, sai a wayi gari layi guda yana da kawuna iri uku, kowanne da yawan ruwan da yake zubarwa. Sakamakon shi ne tabo-tabo: nan caɓi, can ƙura. Abin da ma'aikaci zai yi, kuma ba laifinsa ba ne, shi ne ya ƙara wa kowa lokaci har busasshen wurin ya jiƙa, sauran filin ya sha fiye da ƙima.

A auna kafin a saya

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a fara da kiran 'yan kwangila. Matakin farko gwaji ne mai arha, wanda ma'aikatan filin za su iya yi da kansu. Ana jera ƙananan kofuna masu girma ɗaya a kan farfajiyar rami, taku kaɗan tsakanin kowanne, a kunna ruwa na minti 10 ko 15 a lokacin da iska ta kwanta, sannan a auna abin da kowane kofi ya tara. A ware kashi ɗaya cikin huɗu na kofunan da suka fi ƙarancin ruwa, a fitar da matsakaicinsu, a raba shi da matsakaicin dukkan kofunan. Abin da ya fito shi ne ma'aunin daidaiton feshi. Idan ya kai kashi 75 cikin 100, tsarin na aiki da kyau. Idan kashi 50 ne, a lissafi na kai tsaye sai an zuba milimita 10 kafin wuri mafi bushewa ya sami 5, alhali mai kashi 75 milimita 7 bai cika ba ya ishe shi.

Sai a bi da ma'aunin matsi, a gwada a bakin inji da kuma kan feshi mafi nisa da mafi tudu. Yoyon ɓoye ma yana da hanyar kama shi: a rufe dukkan kawuna, a cika bututu, a duba sau nawa ƙaramin injin riƙe matsi ke tashi a cikin awa guda. Idan yana tashi akai-akai, ruwa na tsiyaya a wani wuri. Mita a bakin tashar injina ita ce ke faɗin gaskiyar abin da aka zuba, kuma abin mamaki ne yawan wuraren ban-ruwa, har da gonaki, da ke aiki shekara da shekaru babu ita.

Littafin gyara shi ma ma'auni ne. Idan ana rubuta rana da wurin da kowane bututu ya fashe, bayan rani biyu taswirar za ta nuna ko matsalar ta layi ɗaya ce ko ta ko'ina. Inda aka rasa taswirar asali, wadda sau da yawa takan tafi tare da kamfanin da ya yi aikin ko tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya, dole a sake zana ta, a ɗauki matsayin kowane kai da bawul da na'urar GPS.

Abin da ake fara sauyawa

Gyara mai sauƙi yakan dawo da kaso mai yawa na abin da aka rasa: a ɗaga kawunan da suka nitse, a miƙe karkatattu, a sa bakin feshi iri ɗaya a kowane layi, a sauya robobin bawul, a wanke matata. Bayan haka sai tashar injina, domin ita ce ke iya kashe fili baki ɗaya a mako guda. Farfajiyar rami da aka gina bisa tsarin hukumar golf ta Amurka, wanda aka fara wallafawa a 1960, yashi ne mafi yawanta, ciyawarta kuma ana aske ta ƙasa da rabin santimita. Kwanaki kaɗan babu ruwa a watan Maris sun isa su ƙona ta, sake raya ta kuma aikin watanni ne.

Sabbin tashoshi suna zuwa da na'urar da ke ƙara ko rage gudun inji gwargwadon ruwan da ake buƙata. Inji ya tashi a hankali, matsi ya tsaya wuri guda, bugun gudumar nan ya ragu, don haka tsohon bututu ya sami ƙarin shekaru. Tana kuma rage wuta. Tura lita 1,000 da matsin mita 80, da inji mai ingancin kashi 70, yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na yunit guda. Lita miliyan 1.5 za ta ci yunit 470 ko kusa da haka a dare. A farashin naira 225 da hukumar kula da wutar lantarki ta sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya haura naira 100,000 kowane dare, da dizal kuwa ya fi haka nesa. Sola ba ta dace da feshin dare kai tsaye ba sai da batura masu tsada, amma ta dace da cika tafki da rana.

Idan littafin gyara ya nuna babban bututu ya gaji, yawancin filayen da ake sabuntawa a yau suna komawa ga baƙin bututu na HDPE, wanda ake narkar da bakunansa a haɗa su zama abu ɗaya, babu gam babu roba. Yana lanƙwasa, yana jure bugun ruwa. Sharaɗinsa shi ne gwanin haɗi da injin haɗin, domin haɗin da aka yi cikin ƙura ko da gaggawa zai buɗe. A ɓangaren sarrafawa akwai tsarin waya biyu, inda layi guda ke zagaya filin, kowane kai yana da lambarsa, a ba shi nasa mintuna dabam da na maƙwabcinsa. Yana rage waya da akwatuna, amma ya fi jin tsawa, kuma a Abuja wannan abin dubawa ne sosai. Kusan dukkan waɗannan kaya daga waje ake shigo da su da dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Tsarin da ba a iya samun kayan gyaransa cikin mako guda, komai ƙwarewarsa, bai dace da inda rani ke kai wata biyar ba. Kwangilar da ta san abin da take yi takan haɗa da ajiyar kayan gyara da horar da ma'aikata da miƙa taswira.

Inda ruwan zai fito

Ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma da ke Ushafa a yankin Bwari yake zuwa, wadda ake ƙara mata daga madatsar Gurara ta Jihar Kaduna ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 75. Ruwa ne da aka kashe kuɗi aka tace don sha, a birnin da unguwanni da yawa na kewayensa ke dogara da 'yan garuwa. Zuba shi a kan ciyawa abu ne mai wuyar karewa. Rijiyar burtsatse ma ba ta magance matsalar, domin akasarin Abuja a kan dutse take zaune, ruwan ƙasa a tsagogin dutsen da ruɓaɓɓen samansa yake maƙale. Rijiyar da ke ba da lita 1 a daƙiƙa, ko ta yini ta kwana tana aiki, lita 86,400 za ta tara. Sai an haɗa fiye da 17 irinta kafin a cika buƙatar dare ɗaya a misalin da ya gabata, kuma daga ruwan da maƙwabta ke ja za a ɗiba.

Abin da ya rage shi ne ruwan damina da aka tare. Saboda haka yashe tafki da toshe yoyonsa suna cikin aikin sabunta ban-ruwa, ko da yake ba su da farin jinin sabuwar kwamfuta. Tafki mai zurfi ya fi mai faɗi, tun da hekta ɗaya ta fuskar ruwa na iya asarar lita 50,000 a rana ta hanyar tururi. Masu yashewa a filin IBB suna da ƙarin abin lura, domin tafkunansa sun yi suna da kadoji. Ɗaya hanyar ita ce ruwan ƙazanta da aka tace, wanda filaye da dama a Amurka da ƙasashen Larabawa ke amfani da shi. Abuja na da matatar Wupa da ke Idu, wadda ta fara aiki a 2007, sai dai tana can yamma da birni, nesa da Maitama, kuma irin wannan ruwa yana ɗauke da gishiri da ke buƙatar gwaji a kai a kai.

Rage filin da ake shayarwa

Hanyar da ta fi kowacce rage ruwa ba ta buƙatar sayen komai. Farfajiyoyin ramuka 18 gaba ɗaya ba su cika wuce hekta ɗaya da rabi ba. Wuraren bugun farko ma ƙanana ne. Mafi yawan ruwa yana tafiya ne a kan doguwar hanyar da ke tsakani da gefunanta. Filin Pinehurst mai lamba 2 a Jihar Karolina ta Arewa, wanda Bill Coore da Ben Crenshaw suka sake wa fasali tsakanin 2010 da 2011, ya cire kimanin hekta 14 na ciyawar gefe, ya mayar da wurin yashi da tsirran yankin, ya tuge fiye da rabin kawunan feshinsa, ruwan da yake sha ya ragu da fiye da rabi. A haka ya karɓi gasar US Open ta 2014, gefunansa ja-ja-ja, duniya na kallo. Binciken ƙungiyar masu kula da filayen golf ta Amurka ya nuna cewa ruwan da filayen ƙasar suka sha a 2020 ya yi ƙasa da na 2005 da kashi 29 cikin 100.

Abuja na da wata riba a nan. Ciyawar Bamuda, wadda ake shukawa a filayen golf na ƙasashe masu zafi, dangi ɗaya ce da kiri-kirin da Bahaushe ya sani a fadama da bakin gona. Idan ruwa ya yanke takan yi fari ta kwanta, saiwarta na raye, ruwan Afrilu na sauka ta farfaɗo. Ana iya barin gefuna su bi yanayi, a rage wa tsakiyar hanya, a tattara ruwa a kan farfajiyar rami da wurin bugun farko. Cikas ɗin yana wajen mambobi, waɗanda suka saba ganin filayen Turai a talabijin, kuma shawo kansu aikin shugabannin kulob ne. Ɗan ma'aunin danshi na hannu, wanda ake soka wa ƙasa ya nuna yawan ruwan da ke cikinta, yana taimaka wa mai kula da fili ya kare matakinsa da alƙaluma.

Lokacin aiki

Kalandar Abuja ce ke tsara jerin ayyukan. Sauya injina ya fi dacewa da Yuli zuwa Satumba, lokacin da za a iya kashe tsarin na makonni ciyawa ba ta ji ba. Yashe tafki sai ƙarshen rani, sa'ad da ruwa ya ja baya, amma a lokacin ne kuma farfajiyoyi suka fi ƙishi, don haka ana yin tafki ɗaya a bar ɗaya, ko a tanadi tankar ruwa. Haƙan bututu ya fi sauƙi a farkon damina, ƙasa ta yi laushi ba ta zama taɓo ba, ciyawar da aka ɗaga kuma ta kama da wuri. Filaye masu ramuka 18 sukan raba aikin gida biyu, a rufe tara a bar tara, saboda kada kuɗin shiga ya tsaya, kada kuma masu ɗaukar jakar 'yan wasa, waɗanda abincinsu na yini ya dogara da fitowar masu wasa, su zauna babu aiki. Gwajin kofuna da na matsi da na sandunan tsawa ana yin su ne a watan Oktoba, kafin ruwan ƙarshe ya ɗauke.